Keken Baba a Jikin Ganuwa

Lokacin da na je gida wankan haihuwar fari, na tarar da Baba yana fama da sabuwar wayarsa. Yayyena maza ne suka haɗu suka kawo masa ita bayan ya yi ritaya daga ofishin safiyo, masu auna filaye, wai don ya rage zaman shiru a zaure. Suka saka shi a guruf ɗin dangi, suka buɗe masa shafi a dandalin sada zumunta, suka koma garuruwan da suke aiki suka bar shi da ita. Tun ina gidan mijina a Kaduna nake ganin abin da yake turo mana. Yau hoton azarar zaure, gobe rabin fuskar maƙwabci, jibi wani duhu da ba ka gane komai sai babban yatsansa a gefe. A ƙarƙashi ya rubuta, "Ga walimar saukar karatu da muka halarta." Mu yi ta dariya a bayan idonsa, sannan mu amsa da, "Masha Allah, Baba."

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Kuyambana, a wani lungu da mota ba ta shiga. Gidan ƙasa ne na gado, mai kaurin bango, ɗakunansa da sanyi ko da rana ta take, amma tagoginsa ƙanana ne, kamar an yi su don kyanwa. Ɗakin da Inna ta sauke ni shi ne ya fi kowane duhu. Damina ce ta yi nisa a lokacin. Safe da yamma tukunyar ruwan wanka tana kan murhu, ƙamshin ganyen darbejiya ya cika tsakar gida, kunun kanwa kuwa har sai da na fara ɓoye kofi a bayan gado.

Washegarin suna Baba ya yi sallama a ƙofar ɗakin, waya a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka tun ina ƙarama bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

"Uwata, yayyenki sun dame ni, wai ba su ga fuskar yarinyar da kyau ba. Bari in ɗauka musu."

Ya duƙa a kan jaririyar ya danna. Fitilar wayar ta yi walƙiya a idonta, ta zabura ta callara kuka. Inna ta shigo da sauri da ludayi a hannu.

"Haba Malam, makantar mini da jika za ka yi? Wannan abu naka tun da ya shigo gidan nan ba mu huta ba."

Baba ya miƙe jiki a sanyaye, ya duba abin da ya ɗauka. Ba komai a ciki sai farin zani da wani baki a buɗe. Na ga yadda fuskarsa ta yi, sai tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filaye a daji, wanda ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ya gyara ta da ƙafa, yau ga wani ɗan abu kamar tafin hannu ya gagare shi.

"Baba, kawo in gani," na ce.

Da na juya bayan wayar sai na ga idon kyamarar duk maiƙo. Ashe a aljihun da yake sa goro da kwalbar turare yake ajiye ta. Na goge da gefen ɗankwalina, na kashe masa fitilar, na ce gobe da hantsi ya dawo, mu fito da yarinyar bakin ƙofa.

Ya dawo kuwa, har da sa hula sabuwa. Na zauna a dokin ƙofa inda hasken safiya ke zuba ta gefe, rana ba ta buga mu kai tsaye ba. Na nuna masa ya tsaya yadda hasken zai faɗa a fuskar yarinyar, kada ya kasance a bayanta. Na ce ya riƙe wayar da hannu biyu, ya manna gwiwar hannunsa a jikinsa, ya taɓa fuskar wayar daidai inda idon jaririyar yake har ya ga ya fito tas, sannan ya danna a hankali. Ya yi kamar yadda na ce, har da ɗauke numfashi. Sannan ya duba hoton.

"Ikon Allah," ya ce. "Hancin mahaifiyata ne sak."

Daga ranar na zama malamarsa. Ni ma ba wani sani gare ni ba, ɗan abin da na tsinta wajen ƙawaye ne da yawan gwadawa. Amma Baba ya riƙe karatun da gaske. Kullum bayan na fito wanka zai jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna, ya ce, "To Malama, yau me za a ƙara mini?" Inna tana tankaɗe a gefe tana taɓe baki. Ya kalle ta ya ce gemu ba ya hana ilimi. Ta ce ita dai abin da ta sani zumunta a ƙafa take, ba a cikin gilashi ba.

Ranar da na kunna masa layukan nan da ke raba fuskar waya gida-gida, na ga farin cikin da na daɗe ban gani a wurinsa ba. Ya ɗaga wayar ya saita ta da katangar gida, ya ga layin ya kwanta daidai da bakin katangar.

"Af! Ai wannan aikinmu ne. Me ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba?"

Tun daga nan hoton Baba bai sake karkacewa ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin zuƙowa. Da ya hango abu daga nesa sai ya sa yatsu biyu ya ja, hoton ya fito dishi-dishi kamar an jiƙa shi. Na ce masa ƙafarsa ta fi yatsunsa iya kusanto abu, in yana so ya gani da kyau ya taka ya je. Na kuma roƙe shi ya daina tura duk abin da ya ɗauka. Ya ɗauki da yawa, ya zauna ya zaɓi guda, ya yanke gefen da bokiti ko igiyar shanya ta shigo, ya rubuta 'yar magana a ƙasa. Wannan ya yi masa ciwo, don a ganinsa kowane hoto ɗansa ne.

Abu ɗaya ne ya ƙi karɓa daga hannuna. Na nuna masa yadda ake shafe fuska a waya ta yi sumul, ta yi fari. Na gwada a kan hoton Inna da na sata tana tsince shinkafa. Ya karɓa ya duba, ya ɓata rai.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce mana, Baba."

"A'a. Wannan ban san ta ba. Ina zanen da ke goshinta? Mayar mini da matata."

Inna tana jinmu. Ranar da kanta ta kai masa abinci zaure, ba ta aika ba.

Da hannunsa ya faɗa, sai gida ya yi masa kaɗan. Ya fara fita da hantsi, ya dawo kafin rana ta yi tsaka, don ya gane da kansa cewa hasken tsakar rana yana cika idon mutum da inuwa. Da la'asar sakaliya ya sake fita. Ni kuwa mai jego ba fita, sai ya zama ta cikin wayarsa nake yawon birnin da na girma a ciki. Ya kawo mini ƙofar wani tsohon soro mai zanen dagi da ruwan sama ya fara cinyewa. Ya kawo mini hannun wani baduku yana huda fata, da rimin da muke tsintar audugarsa muna yara, da kududdufin bayan unguwa bayan an ɗauke ruwa, gajimare kwance a cikinsa. Ba ya ɗaukar mutum sai ya yi sallama ya nemi izini, in an ƙi ya yi godiya ya wuce. Wani lokaci gaisuwar da tambayar iyali ta fi ɗaukar hoton tsawo. Yayyena suka daina amsawa da Masha Allah ɗin ladabi, suka koma tambaya: Baba, ina ne nan? Baba, gidan su wane ne wannan, har yanzu yana nan?

Wata yamma ya shiga ɗakin ajiya ya fito da tsohon kekensa. Baƙin keke ne mai fitila a gaba, wanda tun muna firamare ya daina hawa. Ya wanke shi, ya sa aka ba tayoyin iska, ya tura shi har wajen ragowar ganuwa da ke kusa da ƙofar gari. Can ya jingina shi a jikin jar ƙasar, ciyawar damina ta yi kore shar a samanta, rana tana gab da faɗuwa. Ya ɗauko shi daga ƙasa-ƙasa, a tsugunne, har sai da wani mai wucewa ya kama hannunsa ya taimaka masa ya miƙe. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ya ɗora a shafinsa, ya rubuta cewa a kan keken nan shi da wani abokinsa ɗan Wusasa suke goyon juna zuwa makaranta, in wannan ya gaji wancan ya karɓa, kuma rabonsa da abokin tun suna samari, Allah ya sa yana raye.

Na tambaye shi labarin abokin, don ban taɓa jin ya ambace shi ba. Ya ce ajinsu ɗaya a sakandare. Bahaushe ne Kirista, iyayensa suna zaune kusa da tsohon cocin ƙasa na Wusasa, a gefen Zariya. In an yi sallah a gidan kakanmu yake wuni, in Kirsimeti ta zo Baba ya je can ya ci shinkafa. Da suka gama makaranta aikin jirgin ƙasa ya ɗauke abokin zuwa kudu, aka yi ta canza masa gari, tun ana jin labarinsa a bakin matafiya har aka daina.

"Duniya ce, Uwata," ya ce. "Ba faɗa muka yi ba. Kowa hidimar gabansa ce ta ja shi."

Hoton keken ya zagaya fiye da yadda muka zata. 'Yan birni da ke zaune a wasu garuruwa suka yi ta turawa juna, kowa yana tuna nasa keken da nasa lungun. Bayan 'yan kwanaki, ina shayar da yarinya da safe, sai ga Baba ya shigo tsakar gida ba ko hula.

"Uwata, karanta mini wannan. Idona ne ko kuwa?"

Wata mata ce ta yi magana a ƙarƙashin hoton. Ta ce ta nuna wa mahaifinta, ya ce a tambayi mai keken ko har yau ƙararrawar da ke jiki tana kaɗawa, don tasa ce, aro ya bayar ba a dawo masa da ita ba. Ta ƙara da cewa mahaifin nata ya daɗe da dawowa Wusasa bayan ya bar aiki, ba ya fita saboda rashin lafiya, kuma da daɗewa an faɗa masa cewa abokinsa na cikin birni ya rasu.

Baba ya zauna a kan turmin da aka kife. Labarin rasuwar yayan Baba ne aka kai wa mutumin a karkace, don sunansu na gida ɗaya ne. Shekara da shekaru suna kwana suna tashi kusa da juna, tafiyar da ba ta kai a gaji a mashin ba, wannan yana zaton wancan yana kudu, wancan yana zaton wannan yana kabari. Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta ce, "To me kake jira, Malam?"

Ya so ya tafi a ranar, amma da suka yi magana da 'yar ta waya ta ce mahaifinta yana asibiti ana duba shi, a bari ya dawo gida. Sai abin ya zo daidai da fitata arba'in. Inna ta ce ai yawon arba'in gidan dangi ake zuwa, wannan ma dangi ne, da shi za mu fara.

Muka shiga mota ni da Inna da yarinya a baya, Baba a gaba, ƙararrawar keke naɗe cikin hankici a cinyarsa. Gidan ɗan madaidaici ne, mai baranda, an share gabansa fes. 'Yar ta tarbe mu, mace mai fara'a, sa'ar babbar yayata. Mahaifiyarta ta fito ta rungume Inna kamar sun saba, alhali ranar suka fara ganin juna. Aka shiga da mu falo. Tsohon yana zaune a kujera, sanda a gefensa. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, gefen bakinsa ɗaya ya ɗan sauka, hannun wannan gefen yana kwance a cinyarsa.

Na zaci za su yi kuka. Baba ya tsaya a tsakiyar falon, suka kalli juna, sai tsohon ya ce, maganarsa tana ɗan jan ƙafa:

"Kai, ashe matattu ma suna yin tumbi."

"Kai kuma ina gashin da kake yi mana yanga da shi?" in ji Baba.

Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe mai gidan, aka kawo ruwa. Baba ya kwance hankicin ya ajiye masa ƙararrawar a hannunsa mai lafiya. Ya danna ta da babban yatsa, ta yi ƙara siririya, mai tsatsa. A nan ne na ga Inna ta juya tana gyara lulluɓinta ba gaira ba dalili.

Muka wuni. Aka ci tuwon shinkafa, tsohon ya sa wa yarinyata albarka, ya ce ta yi kama da mahaifiyar Baba, wadda ya sha cin ɗumamenta. Su biyun suka yi ta tono sunayen malamai da abokai, wannan ya rasu, wancan ya makance, wane yana wajen 'ya'yansa. Da rana ta yi sanyi Baba ya ciro wayarsa ya ce yana son hoto, in an yarda. Aka taimaka wa tsohon ya fito baranda. Na ga Baba yana ta juya kujerar a hankali, yana neman yadda lafiyayyen gefen fuskar zai fuskanci haske, ɗayan ya faɗa inuwa. Mutumin ya gane.

"Me kake ɓoyewa?" ya ce. "Bar ni yadda nake. Da wannan fuskar na jira ka, da ita za ka ɗauke ni."

Baba ya gyara kujerar ta dubi hasken gaba ɗaya, ya ɗauka. Sai matar gidan ta ce ai bai kamata a tashi ba a haɗa su biyun ba. Ni yarinya ta fara rigima ina jijjiga ta, 'yar gidan kuma ta shiga ciki haɗo mana tsaraba. Baba ya miƙa wa Inna wayar.

"Ni? Ina na iya wannan abu?"

"Kin fi kowa iyawa. Duk karatun da ake yi mini a tsakar gida kina ji."

Ta karɓa tana mita. Sai ga shi ta riƙe da hannu biyu, ta manna hannuwanta a jiki, ta matsa gaba da ƙafarta har sau biyu, ta ce wa Baba ya sunkuyo kaɗan hularsa tana fita. Ya zauna a hannun kujerar, ya dafa kafaɗar abokinsa. Daidai lokacin da za ta danna tsohon ya kaɗa ƙararrawar, duk suka fashe da dariya. Haka hoton ya kama su, baki buɗe, ido a rufe.

Baba ya tambaye shi ko ya yarda a ɗora inda jama'a za su gani.

"Ɗora mana," ya ce. "Wataƙila akwai sauran waɗanda suka binne mu, su san muna nan."

Akwai su kuwa. Wasu 'yan ajinsu da suka rage suka ɓullo ta dalilin hoton, ɗaya daga Jos, ɗaya a unguwar Kongo ta Zariya yake zaune ba wanda ya sani. Ni dai a makon na koma ɗakina a Kaduna, sauran labarin a waya na riƙa jinsa. Baba ya mayar da zuwa Wusasa al'ada, duk mako sai ya je. In ya makara tsohon ya sa a kira a tambaya ko lafiya. Da azumi ya zo, daga can aka riƙa aiko wa Inna da ƙosai da kunun gyaɗa na buɗa-baki.

Sun samu 'yan shekaru a haka kafin ciwon ya sake tasowa ya tafi da shi. Baba ya je jana'izar, ya zauna tare da iyalan har aka watse. Ya yi makonni bai ɗora komai a shafinsa ba, mu ma ba mu matsa masa ba.

Matar marigayin ce ta fito da shi. Ta kira shi wata rana da bazara, ta ce mangwaron da mijinta ya dasa a bayan gida ya yi 'ya'ya har rassan suna taɓa ƙasa, yaranta da ke nesa suna so su gani, ita kuma duk abin da ta ɗauka baƙi yake fitowa. Baba ya shirya da hantsi, Inna ta ce ita ma za ta. Suka dawo da kwando cike, Inna ta raba wa maƙwabta, ta aiko mini da nawa a motar haya. Har yanzu duk shekara in mangwaro ya nuna sai an kira su, su tafi tare. Bana ƙafar Baba ta matsa masa, a kujera ya zauna a inuwa yana ba da umarni, Inna ce ta zagaya bishiyar da wayar a hannu.